BABI NA HUƊU: TARUWAR ISKAR KABON A JINI DA HANYOYIN SHIGA GWAJIN MAGANI A ƘASAR BOƊINGA DA SHAGARI

4.0 Shimfiɗa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bayyana wata larura da ke tattare da cututtukan numfashi, wato taruwar iskar kabon dayokzaid a cikin jinin ɗan Adam, sannan a dubi yadda mai fama da ita zai iya neman gwajin magani ya shiga idan yana da bukata. An keɓe bayanin ga ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari na jihar Sakkwato, waɗanda duk suke kudu da birnin Sakkwato a kan babbar hanyar da ta nufi Tambuwal da Jega. Ƙidayar jama'a ta shekarar 2006 ta nuna Boɗinga na da mutane fiye da 170,000, ita kuwa Shagari fiye da 150,000, kuma akasarinsu manoma ne da makiyaya da masu ƙananan sana'o'i. Abin da babin zai nuna shi ne, mutumin wannan yanki ba zai kai ga ƙofar gwajin magani ba sai ya bi ta ƙofofi biyu: a auna jininsa a tabbatar da larurar, sannan a yi masa bayani da harshen da yake ji har ya fahimci abin da zai shiga. Domin sauƙaƙawa, daga nan za a riƙa kiran wannan iska da sunan iskar kabon.

4.1 Ma'anar Taruwar Iskar Kabon a Jini

Numfashi aiki biyu yake yi. Na farko shi ne shigar da iskar oksijin, wadda jiki ke amfani da ita wajen ƙona abinci domin samun ƙarfi. Na biyu shi ne fitar da iskar kabon, wadda ita ce sharar da wannan ƙonewa ke bari. Baligi da ke zaune yana hutawa yakan samar da kimanin mililita 200 na iskar kabon a kowane minti ɗaya. Jini ne ke kwaso ta daga sassan jiki ya kai ta huhu, inda take ratsawa zuwa cikin ƙananan jakunkunan iska, a fitar da ita waje. Idan huhu ya toshe, ko ƙirji ya kasa buɗewa yadda ya kamata, ko kuma ƙwaƙwalwa ta yi sanyi wajen ba da umurnin numfashi, sai sharar ta fara taruwa.

Likitoci na auna yawan wannan iska da ma'aunin milimita na makuri. A jinin mai lafiya awon yana tsakanin 35 zuwa 45. Da zarar ya haura 45, to an sami taruwar iskar kabon. Illarta ta farko ita ce tana narkewa a cikin jini ta sa shi tsami. Ma'aunin tsamin jini na mai lafiya yana tsakanin 7.35 zuwa 7.45, kuma idan ya sauko ƙasa da 7.35 ana ɗaukar mai jinya yana cikin hali na gaggawa. Larurar ta kasu gida biyu. Akwai ta farat ɗaya, wadda ke aukuwa cikin sa'o'i kaɗan. Akwai kuma mai daɗewa, inda ƙoda ke samun lokacin riƙe sinadarin baikabonet domin rage tsamin, ta yadda mutum zai iya yin shekaru yana harkokinsa da ita, sai ranar da mura ko ciwon haƙarƙari ya kama shi sannan abin ya ɓaci.

Ya kamata a rarrabe wannan iska da takwararta kabon monokzaid, wadda ke fita daga hayaƙin janareta ko gawayin da aka hura a rufaffen ɗaki. Wannan ta biyu guba ce da ake shaƙowa daga waje, tana iya kashe mutanen gida guda a dare ɗaya. Ita kuwa iskar da ake magana a kanta, jiki ne da kansa ke samar da ita, ya kuma kasa fitar da ita.

4.1.1 Alamomin Larurar

Daga cikin alamomin da aka fi gani akwai ciwon kai da sassafe, da yawan gyangyaɗi da rana, da rashin samun gamsasshen barci da dare, da kasala. Idan abin ya ƙaru, tafin hannu yakan yi ɗumi, idanu su yi ja, hannuwa su riƙa kaɗawa idan aka miƙe su. Daga nan sai ruɗewa da sambatu, sai magagi, sai suma. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan alamomi da ya keɓanta ga wannan larura, shi ya sa ake saurin ɗaukar ta a matsayin wani abu daban. Tsohuwar da ta daɗe tana tari, idan ta fara barci da rana tsaka tana maganar da ba ta da kan gado, za a iya cewa tsufa ne, ko shawara, ko kuma taɓin iskoki. Wani abin da ya fi haɗari shi ne, mai jinyar da ya kwana yana haki idan ya yi shiru ya kama barci, 'yan uwa kan ce an sami sauƙi, alhali kuwa yana iya kasancewa gajiya ce ta cinye shi, iskar kabon ta hau masa kai.

4.1.2 Yadda Ake Tabbatar da Ita

Hanyar da aka fi dogara da ita ita ce a ɗebi jini daga jijiya mai harbawa, galibi ta wuyan hannu, a saka a cikin na'urar awon iskar jini. Wannan na'ura tana bukatar wutar lantarki tsayayya da sinadarai masu tsada da ma'aikaci mai horo, don haka an fi samunta a manyan asibitoci. Ƙaramar na'urar nan da ake maƙala wa mai jinya a yatsa, wadda ta yaɗu sosai bayan annobar korona ta shekarar 2020, oksijin kawai take aunawa. Tana iya nuna kashi 98 cikin ɗari ga mutumin da aka sa wa oksijin alhali jininsa cike yake da iskar kabon. Haka kuma akwai awon hura iska, inda mai jinya zai busa cikin wani bututu da iyakar ƙarfinsa domin a gane ko hanyoyin numfashinsa sun toshe.

4.2 Abubuwan da ke Haddasa Larurar a Wannan Yanki

Babbar hanyar kamuwa da wannan larura a duniya ita ce cutar toshewar hanyoyin numfashi mai daɗewa, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da COPD. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar ta kashe mutane miliyan 3.5 a shekarar 2021. A ƙasashen Turai shan taba sigari ne kan gaba wajen kawo ta. A ƙasashe masu tasowa kuwa hayaƙin girki yana da babban kaso. Idan aka dubi yadda ake girki a garuruwa irin su Sifawa da Dingyaɗi da Tulluwa, ko Kajiji da Dandin Mahe da Lambara, za a ga murhu ne na duwatsu uku, ana hura shi da itace ko karan dawa ko busasshen kashin shanu. Da damina ana shigar da murhun cikin madafa, da hunturu kuma akan hura wuta a ɗaki domin jin ɗumi. Mace takan fara zama a bakin murhu tun tana yarinya, ta ci gaba har tsufanta. Masu tuyar ƙosai da masa da ƙuliƙuli, da masu gashin tsire, da maƙera, su ma a cikin hayaƙi suke wuni.

Bayan wannan akwai tabon da tarin tibi ke bari a huhu. Mutum zai iya shan magani na wata shida ya warke daga ƙwayar cutar, amma huhunsa ya riga ya lalace. Akwai kuma asma mai tsanani, da ƙusumbi ko karkacewar ƙashin baya da ke matse ƙirji, da ƙiba mai yawa wadda ke danne numfashi a lokacin barci, da cututtukan da ke raunana tsokar numfashi kamar shan inna. Daga ƙarshe akwai magungunan da ke kwantar da cibiyar numfashi a ƙwaƙwalwa, irin su kodin da taramol da ƙwayoyin sa barci. Ko da yake gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayu na shekarar 2018, haɗarin irin waɗannan magunguna ga mai raunin huhu yana nan, musamman idan aka saye su a kemis ba tare da ganin likita ba.

4.3 Ma'anar Gwajin Magani

Gwajin magani wani tsararren bincike ne da ake yi a kan mutane domin a tabbatar ko wani magani, ko na'ura, ko wata hanyar jinya tana da amfani kuma ba ta da illar da ta rinjayi amfaninta. Idan sabon magani ne, yakan bi matakai huɗu. A mataki na farko ana ba mutane kaɗan domin a ga ko jiki na karɓar sa. A na biyu ana ba marasa lafiya masu ɗan yawa domin a gano adadin da ya dace. A na uku ana kwatanta shi da maganin da aka saba bayarwa a kan ɗaruruwa ko dubban mutane. Na huɗu kuwa sa ido ne bayan maganin ya shiga kasuwa.

Ginshiƙin mataki na uku shi ne ƙuri'a. Ana raba mahalarta gida biyu, kashi ɗaya a ba su sabon abu, kashi ɗaya a ci gaba da yi masu jinyar da aka saba. Kwamfuta ce ke yin rabon, likita ba ya zaɓa, mai jinya ma ba ya zaɓa. Hikimar yin haka ita ce a sami ɓangarori biyu masu kama da juna, ta yadda duk bambancin da aka gani a ƙarshe za a iya danganta shi ga maganin. Ke nan wanda ya shiga gwaji ba shi da tabbacin zai sami sabon maganin, kuma ko ya samu babu tabbacin ya fi tsohon.

4.4 Abin da Binciken Baya ya Haifar

Tarihin fahimtar wannan larura yana da alaƙa da annobar shan inna da ta auka wa birnin Kofanhegan na ƙasar Denmak a shekarar 1952. Daga cikin mutane 31 na farko da numfashinsu ya shanye a asibitin Blegdam, 27 sun rasu. Wani likitan sa barci mai suna Bjorn Ibsen ya lura cewa abin da ke kashe su taruwar iskar kabon ce. Sai aka koma huda maƙogwaro ana tura iska da jakar roba da hannu, ɗaruruwan ɗaliban likitanci suna karɓa-karɓa dare da rana. Mace-macen suka ragu ƙwarai. Daga wannan ne aka sami tushen sashen kula da masu matsanancin ciwo da ake gani a asibitoci a yau.

Gwaje-gwaje uku na baya-bayan nan sun isa misali. A shekarar 2000 aka buga sakamakon gwajin da Plant da abokan aikinsa suka yi a Ingila a kan mutane 236 masu COPD da jininsu ya fara tsami. An sa wa rabinsu na'urar taimaka wa numfashi ta marufin fuska, wadda ke tura iska ba tare da an zura bututu a maƙogwaro ba. Waɗanda suka rasu a ɓangaren jinyar da aka saba sun kai kashi 20 cikin ɗari, a ɓangaren na'urar kuwa kashi 10.

A shekarar 2010 aka buga na Austin da abokan aikinsa daga tsibirin Tasmaniya na ƙasar Ostireliya, wanda ya ƙunshi mutane 405 da aka ɗauko a motar asibiti. An buɗe wa wasu oksijin sosai kamar yadda aka saba, wasu kuma aka ba su daidai gwargwado, ana neman awon yatsa ya tsaya tsakanin kashi 88 zuwa 92. Mace-mace sun kai kashi 9 cikin ɗari a ɓangaren da aka buɗe wa sosai, da kashi 4 a ɗaya ɓangaren. Dalili kuwa shi ne, yawan oksijin ga irin wannan mai jinya yakan karkatar da jini zuwa sassan huhun da ba sa aiki, ya kuma sa jajayen ƙwayoyin jini su saki iskar kabon da suke riƙe da ita. Wannan darasi ne mai muhimmanci ga 'yan uwan da ke ganin kamar an yi wa mai jinyarsu rowa idan ma'aikaciyar jinya ta rage oksijin, har wani ya faki ido ya murɗa tukunyar da kansa.

Na uku shi ne na Köhnlein da abokan aikinsa a Jamus da Ostiriya, wanda aka buga a shekarar 2014. Mutane 195 ne masu larurar mai daɗewa suka shiga. Bayan shekara guda, kashi 12 cikin ɗari na masu amfani da na'urar a gida sun rasu, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 33.

Abin lura a nan shi ne, duk waɗannan gwaje-gwaje an yi su ne a ƙasashen da akasarin masu cutar mashaya taba ne, kuma wutar lantarki ba ta yankewa. Matar da hayaƙin itace ya lalata wa huhu a Kajiji, ko manomin da tibi ya bar wa tabo a Sifawa, yanayinsu ya sha bamban. Na'urar da ake kwana da ita a fuska tana bukatar lantarki na tsawon dare. Wannan ne ya sa ake bukatar a yi irin wannan bincike a ƙasashenmu, kuma mutanenmu su shiga. Abu ne mai yiwuwa, domin an yi makamantansa. A Ibadan an yi gwajin murhu mai amfani da sinadarin itanol a kan mata masu juna biyu 324, aka buga sakamakon a shekarar 2017. A wannan shekarar kuma aka buga sakamakon gwajin rigakafin gudawar yara da aka yi a Madarumfa ta jihar Maraɗi, cikin ƙauyukan Hausawa, a kan jarirai fiye da 3,500.

4.5 Hanyoyin Neman Gwaji

Hanya ta farko kuma mafi inganci ita ce ta hannun likita. Mai jinya zai fara daga asibitin shan magani na garinsu, a tura shi babban asibitin ƙaramar hukuma, daga can a rubuta masa takardar turawa zuwa Asibitin Ƙwararru na Sakkwato ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A asibitin koyarwa ne ake samun likitocin ƙirji, kuma su ne masu bincike ke tuntuɓa idan ana neman mahalarta. Babu laifi mai jinya ko ɗan uwansa ya tambayi likita kai tsaye ko akwai wani bincike da ake yi a kan ciwonsa. Yana da kyau ya adana duk takardunsa, wato katin asibiti, da hoton ƙirji, da sakamakon awon jini, da katin shan maganin tibi idan ya taɓa sha, domin da su za a duba ko ya cancanta.

Hanya ta biyu ita ce rajistar gwaje-gwaje da ke intanet. Tun shekarar 2005 manyan mujallun likitanci suka daina buga sakamakon gwajin da ba a yi wa rajista tun farko ba, don haka ana sa ran gwaji na gaskiya ya kasance yana da lamba. Akwai ClinicalTrials.gov ta gwamnatin Amurka, wadda aka buɗe a shekarar 2000. Akwai rajistar nahiyar Afirka mai suna PACTR da ke Afirka ta Kudu, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita. Akwai kuma dandalin ICTRP na ita hukumar, wanda ke tattaro bayanan rajistoci da dama wuri guda. Da yake da Ingilishi ake binciken, dole a rubuta sunan larurar yadda likitoci ke rubuta shi, wato hypercapnia, ko a rubuta COPD, sannan a zaɓi ƙasa. Kowane gwaji zai nuna ko ana kan ɗaukar mutane ko an rufe, da asibitin da ake yin sa, da sharuɗɗan shiga. Ma'aikacin lafiya na ƙauye ko ɗalibin da ke da waya zai iya duba wa iyayensa, amma abin da ya gani sai ya kai wa likita ya fassara masa.

4.5.1 Sharuɗɗan Shiga

Kowane gwaji yana da iyakokinsa. Misali, a gwajin Köhnlein ba a ɗauki kowa ba sai wanda awon iskar kabon ɗinsa ya kai kimanin 52 ko fiye, kuma tsamin jininsa bai sauko ƙasa da 7.35 ba. A wani gwajin da Murphy da abokan aikinsa suka buga a shekarar 2017 a kan mutane 116 a Birtaniya, sai wanda awonsa ya haura 53 bayan mako biyu zuwa huɗu da farfaɗowa, kuma an cire masu ƙiba sosai. Wannan ya nuna cewa lamba ce ke shigar da mutum, kuma wanda ba a taɓa auna jininsa ba babu yadda za a yi a san ko ya cancanta. Ƙin ɗaukar mutum ba wulaƙanci ba ne, sau da yawa kariya ce gare shi.

4.6 Amincewa da Haƙƙin Mai Shiga Gwaji

Ba za a yi maganar gwajin magani a ƙasar Hausa ba tare da an ambaci abin da ya faru a Kano a shekarar 1996 ba. A lokacin annobar sanƙarau da ta kashe mutane fiye da 11,000 a Nijeriya, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano a kan yara kimanin 200. Yara 11 sun rasu, biyar a ɓangaren Trovan, shida a ɓangaren maganin da aka kwatanta da shi. Iyaye sun yi ƙara cewa ba a sanar da su gwaji ake yi ba. Kamfanin ya musanta, yana mai cewa an nemi yardarsu da baki, kuma cutar ce ta kashe yaran. A shekarar 2009 aka yi sulhu da gwamnatin jihar Kano a kan dala miliyan 75. Wannan lamari yana daga cikin abubuwan da aka riƙa ambatawa lokacin da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a shekarar 2003. Hausawa kan ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Bayan wannan an sami sauye-sauye. Kwamitin Ƙasa na Ɗa'ar Binciken Lafiya, wato NHREC, ya fitar da ƙa'idojinsa a shekarar 2007, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta shekarar 2014 ta wajabta samun rubutacciyar amincewa kafin a yi bincike a kan mutum. Gwajin magani yana bukatar izinin hukumar NAFDAC da na kwamitin ɗa'a na asibitin da za a yi shi. Bisa ga waɗannan ƙa'idoji, mai shiga gwaji yana da haƙƙin a gaya masa cewa bincike ne, da manufarsa, da tsawon lokacinsa, da illolin da ake tsammani. Yana da haƙƙin ya ƙi shiga, ko ya fita duk ranar da ya ga dama, ba tare da an rage masa kulawa ba. Yana da haƙƙin a ɓoye sirrinsa, a kuma ba shi kofin takardar da ya sa wa hannu. Wanda ba ya karatu za a karanta masa a gaban shaida wanda ba ya cikin masu binciken, sannan ya dangwala yatsa.

Kafin ya amince, ya dace ya yi waɗannan tambayoyi:

(a) Wace lamba ce gwajin yake da ita a rajista, kuma wane kwamiti ne ya amince da shi?
(b) Sau nawa zan riƙa zuwa asibiti, kuma wa zai biya kuɗin mota daga Boɗinga ko Shagari?
(c) Sau nawa za a ɗebi jini daga jijiyar hannuna?
(d) Idan wata illa ta same ni, wa zai ɗauki nauyin jinyata?
(e) Idan an ba ni na'ura, me zai faru da ita bayan an kammala gwajin?

Duk wanda ya nemi a biya shi kuɗi kafin ya saka mutum a gwaji, ko ya yi alkawarin warkewa tabbas, ko ya ce a daina shan maganin asibiti, to a guje shi.

4.7 Matsalar Harshe da Al'ada

A nan ne wannan nazari ya fi shafar ɗalibin Hausa. Kalmar gwaji a bakin mutanen karkara tana nufin awon jini ko fitsari da ake yi a asibiti. Idan aka ce wa dattijo za a yi masa gwaji, zai amsa da to, yana zaton awo ne kawai. Kalmar magani kuwa tana ɗauke da ma'anar abin da ke warkarwa, don haka da wuya mai ji ya kawo a ransa cewa ana shakkar amfaninsa. Ita ma kalmar iska tana da ma'ana biyu. Idan aka ce wa mutum wata muguwar iska ta taru a jikin mahaifiyarsa, zai iya nufar gidan boka ko mai ruƙiyya. Kalmar ƙuri'a kuma wasu na iya danganta ta da caca ko duba. Saboda haka fassarar takardar amincewa kalma da kalma daga Ingilishi ba ta wadatarwa. Ya fi dacewa a ce, alal misali, numfashin da ya kamata ya fita ne yake saura a jini, kuma likitoci ba su san wanne ya fi tsakanin hanyoyi biyu ba, shi ya sa za a raba mutane ba tare da son kai ba. Haka kuma, da yake dattawa da yawa a wannan yanki sun fi karanta ajami a kan boko, rubuta takardar da ajami ko naɗar bayanin a murya zai taimaka.

Ta fuskar al'ada kuma, kunya da girmama likita kan hana mutum cewa bai gane ba. Matar aure takan jira shawarar maigidanta, kuma masu bincike kan fara da gaisuwa ga hakimi da mai gari da limami. Duk wannan yana da kyau, sai dai izinin shugaba ko na miji ba ya zama madadin yardar ita mai jinyar. Akwai kuma wata matsala da ta keɓanta ga wannan larura: wanda iskar kabon ta hau masa kai ba ya cikin cikakken hayyacinsa. A irin wannan hali wakilinsa ne zai amince a madadinsa, sannan a sake neman yardarsa da zarar ya farfaɗo.

4.8 Naɗewa

A wannan babi an bayyana ma'anar taruwar iskar kabon a jini, da alamominta, da abubuwan da ke kawo ta a ƙasar Boɗinga da Shagari, musamman hayaƙin girki da tabon tibi. An kawo gwaje-gwajen da suka tabbatar da amfanin na'urar marufin fuska da kuma ba da oksijin daidai gwargwado. An kuma nuna cewa neman gwaji yana farawa ne daga likita da awon jini, rajistar intanet tana biyo baya. Wanda bai sami gwajin da zai shiga ba bai yi asarar jinya ba, domin abin da binciken baya ya tabbatar shi ne ake bayarwa a asibiti, kuma rage zama cikin hayaƙi, da barin taba, da kammala maganin tibi, abubuwa ne da ba sa jiran kowane gwaji. Babi na gaba zai kawo taƙaitawa da shawarwari.